Faifan Gwaggo da Hotunan Maruda

Abin da ya sa na fara ɗaukar hoto haushi ne. Tun ina budurwa nake lura cewa a gidan biki duk abin da ya fi daɗi a cikin gida ake yinsa, inda mai hoto namiji ba ya shiga. Shi yana can ƙofar gida yana ɗaukar maza sun jera da manyan riguna, kowa ya ɗaure fuska kamar an zo gaisuwar mutuwa. Mu kuwa muna ciki ana kiɗan ƙwarya, ana guɗa, tsofaffi suna tsokanar amarya har ta yi kuka ta koma dariya, kuma babu mai adana ko ɗaya daga ciki. Ranar da maigidana ya shigo mini da kyamara da wata laftof ta hannu, na yi tsalle a tsakar gida har maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambayar ko lafiya.

Kafin in ankara kasuwa ta buɗe. Daga unguwarmu a Gwandu aka fara kirana, sai Malisa, sai Maruda, har Kalgo da Diggi ana aiko mini da ɗan kabu-kabu. Ba wai na fi kowa iya hoto ba ne, a farkon nan kawunan mutane nawa na yanke! Abin da nake sayarwa alkawari ne: hoton cikin gida ba ya fita. Ni nake ɗauka, ni nake wankewa da firintata a ɗakina, ni nake kai wa mai shi hannu da hannu. Saboda wannan alkawarin mata suke yar da gyale idan na shigo, su saki jiki su yi abin da suka ga dama.

A cikin duk bukukuwan da na ɗauka, babu wanda nake so kamar na aminiyata a Maruda. Tare muka yi firamare da ita. Mahaifiyarta, wadda nake kira Inna, malama ce da ke koyar da matan aure karatu a gidanta, mace mai kwarjini, wadda ko dariya sai ta sa bakin mayafi ta rufe. Ranar kamu, da kiɗa ya yi kiɗa, ƙawayen Inna suka ja ta tsakiyar fili. Ta ƙi, ta ƙi, sai kawai muka ga ta saki jiki. Wayyo, ashe Inna ta iya rawa haka! Ɗankwalinta ya zame ya faɗi, kitsonta fari fat ya bayyana, ta kama hannun amarya suna juyawa, bakinta buɗe da dariya. Aminiyata ba ta ma san me ake ciki ba, fuskarta na lulluɓe. Ni kuwa ina ta latsa kyamara, ban tsaya ba sai da kiɗan ya mutu.

Waɗannan hotunan ban wanke su ba. Inna ce ta hana, ta ce takarda yara ke ɗauka su kai waje.

Ana nan sai wani abu ya faru a wani gari can, ba ma a yankinmu ba. Wani mai hoto ya kai kwamfutarsa gyara, bayan 'yan kwanaki sai ga hotunan wata amarya suna yawo a wayoyin mutane. Labarin ya iso mana da zafinsa. Na shiga wani gidan suna a Malisa, ina yin sallama na ga mata suna jawo gyale suna gyara zama. Na ji abin har cikin ƙashina.

A makon nan Inna ta zo gidana da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ƙi zama kan kujera, ta zauna bakin tabarma.

"Ɗiyata, hotunan nan nawa suna nan?"

"Suna nan, Inna. In kina so yanzu in goge su gabanki."

"A'a, kak ki goge." Ta murza carbi. "Sau guda nit taɓa rawa a duniya, kuma don ɗiyata amarya niy yi ta, ita ko ba ta gani ba. Ki aje su. Ran da ba ni, ki nuna mata. Amma kak ki bari wani ido shi gane su, ko na wa na."

Na ce na ɗauka. Da ta tafi na zauna ina kallon laftof ɗin nan tawa mai tari kamar tsohon injin niƙa, na ga girman abin da na ɗauka. Kada su ɓace, kada kuma a gan su. In na bar su a laftof, ranar da ta mutu sun tafi. In na kai wa wani ya adana mini, na buɗe su ga ido. Ni hoto na iya, ban iya wannan ba.

Sai na shiga cigiya, kuma in faɗi gaskiya, abin ya yi mini daɗi. Ashe akwai mutanen da sana'arsu ke nan, tsare wa mutane bayanansu, su kulle su, su ajiye kwafi a wani wuri ta intanet, su hana ɓarayin waya shiga. Na riƙa karantawa a waya ina dafa tuwo, har ya kama sau da yawa. Maigidana ya ce tunda aka haife shi bai taɓa cin ƙanzo da yawa haka ba.

Mutum biyu suka fito. Na farko ɗan unguwarmu ne, Yaya nake ce masa, don mahaifiyarsa da tawa ƙawaye ne na ƙut da ƙut. Ya yi karatun kwamfuta mai zurfi, yana da kamfaninsa a Birnin Kebbi, kuma kowa ya shaida ya iya aiki. Ta biyu wata injiniya ce 'yar Zuru, Kirista, ita ma da nata kamfanin a Birnin Kebbi, wata malamar asibiti da na ɗauki bikin ƙanwarta ce ta yi mini kwatancenta. Duk wanda na yi wa zancen a gida amsa ɗaya yake ba ni: ina ke ina baƙuwa ga na gida? Mahaifiyata ma cewa ta yi ba sai an yi shawara ba, yaron da aka yi wa wanka a gabanta.

Ni ma zuciyata na wajen Yaya. Amma da na kira su duka biyun a waya, sai kaina ya ɗaure. Kowa ya turo mini hoton satifiket ɗinsa, kowa ya jero mini kalmomi masu nauyi. Ta yaya wadda ba ta san aikin ba za ta gane wanda ya fi? Sai na tuna da Gwaggo.

Gwaggona ta Kalgo, yayar mahaifina, ita ce mai binciken aure a danginmu. In saurayi ya fito neman wata 'yarmu, ba a ba da amsa sai an kai shi ya gaishe ta. Ba ta yi boko ba, ba ta kuma yarda a yi mata bayanin abin da ba ta tambaya ba. Na hau mota na same ta tana ba awakinta dusa, na zayyana mata komai.

"Ni ban san kwamhuta ba," in ji ta. "Amma mi kika son ki sani? Ko mutum na buɗa abin da ba a ce mishi shi buɗa ba?"

"Shi ke nan, Gwaggo."

"To ai wanga aikina na. Kawo su zaurena."

Na san abin da take nufi, don duk mun san dabararta, samarin ne kawai ba su sani ba. In saurayi ya zo, sai ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta kawo ƙwarya rufe da faifai ta ajiye kusa da shi, ba ta ce bismilla ba, ba ta ce nasa ne ba. A gefen faifan tana ɗora ƙwayar shinkafa guda. Sai ta shige ciki ta yi zamanta, ta bar shi har ya gaji. In ta dawo, faifan take fara kallo kafin fuskarsa. A cikin ƙwaryar kuwa babu komai sai ƙaiƙayi.

Ina jin haka wata dabara ta faɗo mini, na tashi tsaye ina tafa hannu. Na kwashe duk hotunan mutane daga laftof na zuba a memori na kulle a akwatin Gwaggo. Sannan na ɗauki kyamara na shiga garken awaki. Ranar nan awakin Gwaggo sun ga gata! Na ɗauke su a tsaye, na ɗauke su a kwance, na kama wani bunsuru mai dogon gemu na ɗaura masa ɗankwalina, Gwaggo na riƙe da ƙahonsa tana zagina tana dariya har da hawaye. Na zuba su duka a folda ɗaya, na sa mata suna Kamun Amarya Maruda, na ajiye ta a fuskar laftof inda ido zai fara sauka.

Yaya ne ya fara zuwa, da hantsi, cikin shadda mai maiƙo. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Gwaggo, ya kawo mata goro. Ya yi mini bayani mai daɗin ji, kuma na ga alamar ya san abin da yake faɗa. Na tambaye shi ko akwai yadda za a yi wani ya shiga ajiyar.

"Ƙanwata, in nik kulle abu, ko aljani bai shiga. Ki kwantar da hankalinki. Ki dai turo min kalmar sirrinki ta waya, komi da komi ni ka yi miki, ba sai kin wahala ba."

Na buɗe laftof na ajiye a gabansa, na ce bari in taya Gwaggo sauke tukunya. Muka shige ciki. Kamar ni ake wa jarrabawa, ina ta addu'a a raina Allah ya sa ya ci, don ina sonsa, tare muka tashi. Gwaggo kuwa ko a jikinta, tana ta tsince shinkafa.

Da muka fito laftof ɗin na nan yadda na bar ta. Na ji sanyi a raina. Muka ƙarasa magana, ya tashi, muka rako shi bakin mota. Ya buɗe ƙofa, sai ya juyo yana ƙunshe dariya.

"Af, ƙanwata, ashe amaryag ga ta Maruda gemu gare ta!"

Ya fashe da dariya har yana dafa mota. Ni kuwa na tsaya kamar an dasa ni. Da ya ga fuskata sai ya ce ai dubawa ya yi ya ga ko akwai bairos, cutar nan ta kwamfuta, kuma ni da shi ai ɗaya ne. Abin da ya fi ci mini rai ke nan: bai ma ga laifin ba. Ba mugu ba ne, na tabbata ba zai taɓa tura hoton kowa ko'ina ba. Amma da Inna ce a cikin foldar nan, da yanzu ya ga kitsonta, kuma da dariyar nan zai shiga mota. Na ji baƙin ciki sosai, na kuma ji wani irin sauƙi, kamar wadda mota ta wuce ta gefen zanenta.

Gwaggo ta ɗaga masa hannu da fara'a, ta ce ya gaida gida. Da motar ta sha kwana ta ce, "Yaro mai ladabi. Kira ɗayar."

Injiniyar ta zo washegari bayan azahar, ita ke tuƙa motarta. Doguwa ce, mai magana a gajarce, ba ta da yawan murmushi, har na fara jin ba za mu shirya ba. Ta ce wa Gwaggo Mama, ni kuma Hajiya, duk da ko filin jirgi ban taɓa zuwa ba. Kafin ta faɗi abin da za ta yi mini sai da ta yi mini tambayoyi har na gaji. Wa ke taɓa laftof ɗin ban da ni? Ina nake ajiye ta in na fita? In ta lalace yau, me zan fi kuka a kai? Na yi mata tambayar da na yi wa Yaya.

"Hajiya, duk wanda ya ce miki ba za a taɓa shiga ba, bai gaya miki gaskiya ba. Zan iya sa abin ya yi wuya ƙwarai. Amma in wani ya kira ki ya yaudare ki kika ba shi lambar da aka turo miki, ba abin da zan iya. In kuma kika manta kalmar sirrinki, ni ma ba zan iya buɗewa ba, don ba zan san ta ba, kuma ba na so in sani."

Wannan amsa ba ta yi mini daɗi kamar ta aljani ba. Na saci kallon Gwaggo, na ga ta daina taunar goro.

Na buɗe laftof, na ajiye, na kawo zancen tukunya, muka shige. Wannan karon ban iya zama ba, sai kai da kawowa nake a tsakar gida, Gwaggo na cewa in zauna kada in tattake mata kaji. Da muka fito, tabarma babu kowa. Laftof ɗin na rufe, makullin motarta a kai, ita kuma tana tsaye can bakin ƙofar zaure ta ba mu baya tana kallon masu wucewa.

"Malama, lafiya kika tashi?"

"Lafiya lau. Ba na zama da kwamfutar mutum a buɗe shi ba ya nan. In wani abu ya ɓace ko ya fita, ba ni da shaida, ke ma ba ki da ita."

Wallahi saura kaɗan in yi guɗa! Na matse hannun Gwaggo, ta fizge ta harare ni. Bayan baƙuwar ta tafi na ce shi ke nan, an gama, na samu. Gwaggo ta ce ba a gama komai ba.

"Kunya dai tana da ita. Saura mu ga ko ta iya aikin. Kuma ni ban tambayar waɗanda aka tare da su, kowa yabon nashi shika yi. Ki ce ta hwaɗa miki wanda sunka rabu."

Haka take yi a binciken aure, sai ta nemo tsohon maƙwabci ko wanda aka taɓa yin sana'a tare aka watse. Na ji nauyin tambayar, amma na kira. Nan na ji dariyar injiniyar karo na farko. Ta ce akwai wani mai kemis a nan Kalgo da ya sallame ta, bari ta tambaye shi ko ya yarda a zo. Ko wannan ma Gwaggo ta lura da shi, cewa sai da ta nemi izninsa.

Muka same shi a shagonsa, wani dattijo mai ƙiba da tabarau a goshi. Da jin zancenta ya riƙe kai.

"Wagga mata? Naci gare ta! Kullum canza wanga, sabunta wancan, kak ka ba yaran shago lambarka. Ni da shagona! Nig gaji nic ce ta tahi."

Gwaggo ta matsa kusa. "To da za ta tahi, ƙaƙa kunka rabu?"

"Nan taz zauna tas sa ni nic canza makullan dut da hannuna, tana kallon bango. Sannan tag gwada shiga gabana, abin yaƙ ƙi. Tac ce to Alhaji, ka gani, yanzu ko ni ban iya shiga." Ya sauke tabarau ya goge. "Gaskiya tun da nika da ita ba abin da yaɓ ɓace min. Nacin dai na ban iyawa."

A hanyar komawa Gwaggo ta ce irin wannan nacin shi ake nema, ni kuwa ina gaba ina sauri kamar zan tashi sama.

Ranar da aka yi aikin, a zauren Gwaggo aka yi shi, kuma da awaki aka gwada. Injiniyar ta fara nuna mini yadda zan duba lambar satifiket ɗinta a shafin waɗanda suka ba ta, na duba da kaina na ga sunanta. Sannan ta ce in zaɓi kalmar sirri doguwa wadda ba sunan ɗa ba ce, ba ranar haihuwa ba. Da zan rubuta ta juya ta fuskanci bango. Aka kulle awaki, aka tura su ajiya. Sai ta buɗe tata kwamfutar ta juyo mini da ita.

"Ga awakinki yadda nake ganinsu daga wajena."

Babu komai sai tarkacen haruffa da lambobi, ko ƙaho babu. Ta ce to yanzu in goge foldar daga laftof ɗina, in goge ta har daga kwandon shara. Na goge. Ta ce in dawo da ita da kaina, ita ba za ta taɓa ba. Na bi abin da ta koya mini, na sa kalmar, muka zuba ido. Can sai ga bunsuru da ɗankwalina ya cika fuskar laftof! Na yi ihu, na rungume Gwaggo, na rungume injiniyar da ba ta shirya ba, awakin gaske suka amsa daga garke. A ranar, bayan ta tafi, na fito da memori daga akwati na tura hotunan Inna da na sauran mata, ni kaɗai a ɗaki.

A gida kuwa sai da aka yi fushi da ni. Mahaifiyata ta yi kwanaki tana amsa gaisuwata a taƙaice, ta ce na kunyata ta gaban ƙawarta, na ɗauki baƙuwa na bar ɗan'uwa. Ban iya ba ta labarin gemu ba, don ba na so in ɓata shi. Na dai ce mata amanar ba tawa ba ce, shi ya sa ba zan yi kara da ita ba. Yaya kansa bai riƙe ni ba, har yau in mun haɗu sai ya tambaye ni lafiyar amarya.

Nacin kuwa na sha shi. Mai kemis bai yi ƙarya ba. Sai ina tsakiyar aiki saƙo ya shigo: Hajiya, kin sabunta? Hajiya, yaushe rabonki da gwada dawo da wani abu? Wani lokaci in yi tsaki in kife wayar, sannan in tashi in yi abin da ta ce. Amma na samu abin faɗa wa mata a gidan biki, na kuma riƙa ba su labarin bunsurun da aka goge ya dawo, suna dariya suna yar da gyale kamar da.

Da damina ta yi nisa na je wani suna a Diggi. A hanyar dawowa ruwa ya cika wani kwari, ɗan kabu-kabu ya ce zai wuce, ya saba. Muna tsakiya babur ya zame. Ni na tashi da laka har kunne, jakata kuwa sai da aka lalubo ta a ƙasan ruwa, da laftof da memori duk a ciki. Aka shanya, aka binne a shinkafa, aka yi duk abin da mutane suka ce, ko ƙyaftawa ba ta sake yi ba.

Ban kai ga sayen wata ba Inna ta kwanta. Ciwon bai ja ba. Na je Maruda gaisuwa, na ga gidan cike da matan da ta koyar, na zauna a gefe na yi kukana.

Bayan an share makoki aminiyata ta zo Gwandu, ta rame, da goyo a bayanta. Ta zauna daidai inda Inna ta zauna a bakin tabarma.

"Inna ta ce in zo wurinki. Tac ce akwai abin da tab bar min hannunki. Mi na ne?"

Laftof ɗin da hotunan ke ciki tana ƙarƙashin gado, matacciya. Na san an gwada da awaki, na san na sha gwadawa bayan nan, amma duk a tsohuwar laftof aka yi, kuma a lokacin babu wanda ke zaune gabana yana jira da jajayen idanu. Tsoro ya kama ni sosai. Na ce ta ba ni zuwa jibi.

Maigidana ya nemo mini wata laftof. Na kira injiniyar, na ce mata wannan karon ba awaki ba ne. Ba ta tambaye ni ko mene ne ba, ta ce tana zuwa. Ta tuƙo tun daga Birnin Kebbi, ta shigo ɗakina, ta gaida aminiyata, ta yi mata ta'aziyya da ta ga alama. Ta haɗa abin da za ta haɗa a sabuwar laftof, ta tura mini ita gabana, ta juya ta kalli bango. Na sa kalmar. Ta karɓa.

Intanet ɗin ranar kamar ya san ana jiransa. Wani ɗan layi kore ya riƙa tafiya a hankali, ya tsaya, ya motsa, ya sake tsayawa. Ina durƙushe gabansa ina ce masa yi haƙuri, taho, taho, kamar mai lallashin jariri ya yi tatata. Aminiyata na kallona ba ta gane komai ba. Da layin ya kai ƙarshe foldar ta bayyana, da sunanta, da komai nata. Na dafe ƙirji, na ce alhamdu lillahi da ƙarfi har goyon ya farka.

Kafin in kai hannu, injiniyar ta miƙe ta ɗauki jakarta.

"Hajiya, ina zaure in kin gama."

Na buɗe na farko. Inna ce tsakiyar fili, ba ɗankwali, kitsonta fari, bakinta buɗe da dariya, ta riƙe hannun amarya mai lulluɓi. Aminiyata ta matso. Ta kalla, ta sake kalla, ta kai yatsa ta taɓa fuskar a hankali.

"Inna ta? Inna ta ka rawa?"

"Ita ta. Don ke tay yi."

Ta yi wata irin dariya da ta karye a tsakiya. Na nuna mata inda za ta latsa ta ga na gaba, na kwance goyon daga bayanta na saɓa a kafaɗa, na fito na ja mata ƙofa. Na samu injiniyar a zaure zaune kan tabarma, na zauna kusa da ita. Daga ciki muna jin aminiyata, dariya da kuka a haɗe, tana kiran Inna, Inna. Injiniyar ba ta tambaye ni abin da ke cikin hoton ba, ta miƙo hannu ta karɓi yaron tana jijjiga shi, muka zauna muna jira.